Inci Biyar na Orval Teague

"Ki sake aunawa," in ji tsohon. "Kuma kada ki danne min kai da rular nan. Ni ba ɗalibinki ba ne."

Marisela Ybarra ta sake zura hannu ta tagar motar da ba gilashi, ta ɗora bakin rular ƙarfe a tsakiyar sanƙonsa, ta miƙe ta har ta taɓa rufi. Orval Teague yana zaune a ciki a kan wani akwatin katako, daidai inda kujerar direba za ta zauna da an taɓa saka ta. Hannuwansa biyu na gaba, kamar yana riƙe da sitiyarin da ya cire ya rataye a bango tun bara. Siririn tiyon roba ya fito daga hancinsa, ya bi ta ƙofa, ya tafi ga tukunyar oksijin da ke tsaye a kan 'yar kurarta kusa da taya.

"Inci bakwai," ta ce. "Ɗazu bakwai, yanzu ma bakwai. Mista Teague, ni fa wasiƙarka na kawo, wadda aka jefa a akwatina. Na bar wake a wuta."

"Bakwai," ya maimaita a hankali, da fuskar wanda aka yi wa albishir. Sai ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin kuma ya ɗauki lokacinsa. Da ya lafa ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya biyar ne. Kin ji ko? Biyar. Yau bakwai."

Shekara goma sha biyu ke nan Marisela tana zaune a gidan da ke kallon nasa, a wannan layi na garin Oildale inda kowane gida yake da garejin da ya fi falonsa girma. Tana koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Abin da ta sani game da maƙwabcinta bai wuce abin da ake sani daga tsallaken titi ba: tsohon mai walda ne a rijiyoyin mai, matarsa ta rasu, kuma ƙofar garejinsa tana ɗagawa ƙarfe bakwai na safe ko ranar Kirsimeti ce. Sau biyu ta rubuta wa hukumar gari takardar koke a kan ƙarar gudumarsa. Sau biyun ya gyara mata injin yankan ciyawa ba tare da ya ce komai ba, abin da ta ɗauka a matsayin cin mutunci mafi tsabta da aka taɓa yi mata.

Amma akwai tambayar da ta daɗe tana cinta, musamman in tana wanke kwanoni tana kallon garejin ta taga. Me mutum yake yi wa mota ɗaya tsawon shekara arba'in da ɗaya, motar da ba ta taɓa fita ko bakin titi ba?

Yau da ta shigo ta ga amsar, ko rabinta. Ford ce ƙirar 1932, mai ƙofa biyu, wadda ya saya a hannun wani manomi a Shafter bayan kaji sun gama da ita. Ba gyara ta yake yi ba, ba ya so ta koma yadda ta fito daga kamfani. Hotrod yake ginawa, irin na samarin zamaninsa: a ɗauki tsohuwar mota, a cire mata duk abin da ba ya ƙara gudu, a kwantar da gabanta, a cusa mata injin da ya fi ƙarfinta. Ya cire marufan tayoyi. Ya jera kafireto uku a kan injin mai silinda takwas, suna ƙyalli kamar kofunan gasa. Ya kankare fenti har ƙarfe ya fito fari. Kuma bai yarda ko kusa ɗaya da aka ƙera bayan 1955 ta shiga jikinta ba, domin a wurinsa daga wannan shekarar duniya ta fara lalacewa.

"To me ya rage?" ta tambaya. Ta manta da waken.

"Rufi." Ya nuna sama da babban yatsa. "Dube shi, kamar hular limamin coci. Ana yanke ginshiƙan da ke riƙe da shi, a cire guntu daga kowanne, a sauke shi a like da walda. Sai tagogin su ƙanƙance, motar ta koma tana hararar hanya. In ba a yi haka ba, Malama, ba hotrod ba ce, motar kai ƙwai kasuwa ce mai babban inji."

"Me ya hana ka yi?"

"Kan nan nawa. Dole a bar wa direba inci biyu tsakanin kansa da rufi, in ba haka ba ramin farko zai aika shi asibiti. Ni ƙafa shida da inci uku ne. In na zauna, biyar ke raguwa a sama. Wato uku kaɗai zan iya cirewa." Ya yamutsa fuska. "Uku. Askin da ko matarka ba za ta lura ba. Biyar nake so, tun ranar da na ga wata mota mai irin wannan rufin a busasshen tafkin El Mirage, inda ake tseren motoci, ina ɗan shekara sha shida. Kuma yanka sau ɗaya ake yi. Ƙarfen da ka cire ba ya komawa."

"Wato shekara arba'in da ɗaya kana jira ka gajarce."

"Ina tunani. Kowa a layin nan ya san tunani nake yi." Ya ja iska ta tiyon, ya jira ta isa inda za ta. "Watan jiya likita ya nuna min hoton ƙashin bayana. Ya ce maganin huhun da nake sha ya cinye shi, na ragu da inci biyu. Ya gaya min da muryar ta'aziyya. Saura kaɗan in rungume shi."

Marisela ta dubi hannuwansa. Rawa suke yi ko a kan gwiwa. Bai ɓoye su ba, ya bar ta ta gama kallo, sannan ya ƙarasa mata lissafin. Hannun nan ba zai ja zarto ba. Walda kuwa, nas ɗin da ke zuwa kullum ta ce in tartsatsi ɗaya ya haɗu da tukunyar oksijin, unguwar za ta samu sabon filin wasa. Sannan 'yarsa Jolene ta gyara masa ɗaki a gidanta a Fresno, ranar Lahadi za ta tafi da shi. Babu gareji a gidan Jolene. Akwai lambun fure.

Ranar Talata ce. Waken ya ƙone.

Washegari da ta dawo daga makaranta ta ga wata tsohuwar akori-kura a ƙofar gidansa, ta ji muryoyi biyu suna tashi. Ba wanda ya gayyace ta. Ta ajiye jakarta ta tsallaka.

Baƙon wani dogon tsoho ne mai farin gashin baki, sanye da rigar aiki da aka goge da sitaci. Wendell Kubiak ke nan, abokin Orval tun suna samari, wanda ya ƙare rayuwarsa yana maido da tsofaffin motoci yadda suka fito daga kamfani, har launin zaren kujera. Kowace Laraba yakan kawo donot shida, irin fanken nan mai sukari, su ci suna zagin aikin juna.

"Na ce ba zan yanka ba," Wendell yake cewa. "Ƙarfen nan ya tsira lokacin yaƙi da ake narka motoci. Ya tsira daga kaji. Ya tsira daga hannunka shekara arba'in da ɗaya, wanda ya fi kajin haɗari. Ka san guda nawa suka rage a duniya da ba a taɓa rufinsu ba?"

"Ko ɗaya ce ta yi yawa."

"Kai mahauci ne, Orval. Tun muna yara mahauci ne kai."

"Kai kuma mai wankan gawa. Ka gyara mota ka shafe ta da mai ka kwantar, mutane su zo su yi mata gaisuwa." Ya juya. "Malama, ga Wendell. Kada ki ba shi hannu, zai mayar da ke yadda kika fito daga kamfani."

Wendell ya ɗaga mata hula ba tare da ya daina hararar abokinsa ba. Daga nan ya ga layukan tef ɗin da Orval ya manna a ginshiƙan, biyu-biyu, alamar inda za a yanka. Ya matsa kusa. Ya karkata kai.

"Wa ya manna wannan? Makaho?"

"Ni ne."

"To makaho ne." Ya ɓare tef ɗin gaba ɗaya, ya ɗauko awo daga aljihu, ya sake mannawa, yana aunawa sau uku-uku. "Ba don zan yanka ba," ya ce wa Marisela. "Idona ne ba ya son karkatacce."

Kashegari ya dawo ya cire ƙofofin, shi ma ba don zai yanka ba. Ranar Juma'a ya sa aka tura Orval cikin gida, ya like sandunan ƙarfe a cikin bodin, gicciye, daga bango zuwa bango, domin mota in an cire mata rufi takan buɗe kamar kwali. Ya yi bayanin cewa yana yi ne kawai saboda kada ta wargaje in wani mahaukaci ya zo ya yanka. Marisela ta riƙe masa sandunan, sanye da baƙin gilashin walda da ya yi mata yawa. Ba ta taɓa ganin mutum ya ƙi yin aiki da irin wannan ƙwazo ba.

Da yamma ta raka shi wurin akori-kurarsa.

"Mista Kubiak, ka yi komai. Saura zarto kawai. Ƙarfen kake tausayi da gaske?"

Ya daɗe yana neman makulli a aljihun da ya san ba ya ciki.

"In aka yanke," ya ce, "me zai tashi ya yi da safe?"

"A Fresno me zai tashi ya yi?"

Wendell ya shiga mota ya ja ƙofa. Ta gilashi ya ce mata ta gaya wa wancan tsohon banzan ya sayi sababbin haƙoran zarto, na bango sun mutu tun zamanin da yake da gashi.

Jolene ta iso daren Juma'a da kwalaye. Ranar Asabar da safe Marisela ta same ta a ƙofar gareji, doguwar mace mai jiki da idon ubanta, tana riƙe da kofi tana kallon motar kamar yadda ake kallon dangin da ba a zaɓa ba.

"Ke ce maƙwabciyar da ya yaudara?" ta ce. "Sannu. Motar nan yayata ce, ta girme ni da shekara biyu. Ita aka fara saya wa takalma." Ta kurɓi kofin. "Nas ta ce kada ya wuce awa ɗaya a zaune. Na gaya masa. Kin ga yadda ya ji."

Orval yana cikin keken guragu a gefen motar, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Ya yi aski, ya sa riga mai tsabta. A cinyarsa akwai zarton hannu da sabon haƙori. Na lantarki yana nan a kan tebur, amma an ƙera shi bayan 1955. Wendell kuwa ya kifa bokiti a bakin ƙofa ya zauna, ya ba motar baya, yana kallon titi. Ya ce ya zo ne ya yi sallama.

"Malama," in ji Orval, ya miƙa mata zarton. "Ginshiƙin baya na hagu. Layin sama. Ki bi bakin tef."

"Ni? Mista Teague, ban taɓa yanka abin da ya fi kabewa tauri ba."

"Ba ke ce mai kimiyya ba? Ƙarfe ne. Kina koyar da shi a allonki."

Ta karɓa. In za ta faɗi gaskiya, tun ranar Talata take so ta ji yadda abin yake. Ta ɗora haƙorin a bakin tef, ta ja. Zarton ya yi tsalle ya karce ƙarfen. Ta sake ja, ya kama. Ƙarar ta cika garejin, wata irin ƙara mai sa haƙori tsami, kuma garin ƙarfe ya fara zuba a kan takalminta. Shekara tamanin da wani abu ba wanda ya taɓa wurin nan, ga ta tana shiga cikinsa da hannunta. Ta ji wani daɗi da ba ta shirya masa ba.

Bayan ja ashirin ta lura haƙorin ya bar bakin tef, ya fara gangarawa ƙasa. Ta tsaya ta dubi Orval.

"Madalla!" ya ce da iyakar muryar da ta rage masa. "Ci gaba, Malama. Haka ake yi. Hannunki kamar na likitan tiyata."

Ta ci gaba. Zarton ya ƙara gangarawa, ya fara kukan da ko ita ta san ba na lafiya ba ne. A bakin ƙofa kafaɗun Wendell suka ɗaga har kunnuwansa. Bai juyo ba. Ya ajiye kofinsa a ƙasa. Ya sake ɗauka.

"Kyau!" in ji Orval. "Ki danna da ƙarfi. Kada ki damu da layin, layi shawara ce kawai."

Bokitin ya faɗi.

"Ke! Tsaya! Tsaya, don girman Allah!" Wendell ya iso kanta cikin taku uku, ya zare zarton daga hannunta. "Burodi kike yankawa? Dubi nan. Dubi! Saura kaɗan ki shiga cikin taga." Ya shafa wurin da yatsa kamar mai duba ciwon yaro. "Ba a danna zarto, baiwar Allah. Shi yake cin abinsa, ke rakiya kike yi. Matsa."

Ya gyara tsayuwa, ya ɗora haƙorin a kan layi, ya ja doguwar ja guda, santsi, ƙarar ta sauya nan take. Sai a ja na biyar ya gane abin da yake yi. Hannunsa ya ɗan tsaya. Bai dubi kowa ba.

"Ɗan iska," ya ce a hankali. Ya ci gaba da yanka.

Marisela ta koma kusa da keken, tana murza tafin hannunta.

"Ka san zan karkace," ta ce.

"Na ga shingen da kika gyara bara."

"Wato tarko aka ɗana da ni."

"An bar miki inci biyar na kuskure, Malama. Duk abin da kika ɓata a cikin guntun da za a zubar yake." Idonsa na kan hannun Wendell. "Shekara sittin na san shi. Zai iya kallon mutum yana mutuwa, amma ba zai iya jin zarto yana karkacewa ba."

Kafin ƙarfe goma an yanke ginshiƙai shida. Wendell ya kama gaba, Marisela da Jolene suka kama baya, ya ƙirga uku suka ɗaga. Rufin bai kai nauyin da suka zata ba, har Jolene ta kusa faɗuwa. Suka ajiye shi a kan ciyawa. Daga cikin ginshiƙan da aka buɗe wani tsohon wari ya taso, na busasshen katako da akurki, kuma daga na dama 'yan ƙwayoyin masara suka zubo, ajiyar wani ɓera da ya mutu kafin a haifi Marisela. Jolene ta tsince su ta zuba a aljihu, ba ta ce don me ba.

Orval ya dubi motarsa ba rufi, hasken safiya na zuba a cikinta.

"Yanzu kam ba komawa," in ji Wendell, yana haki.

"Ka yi ta yanka, mai wankan gawa. Awa ɗaya aka ba ni."

Aka cire guntayen, shida, kowanne inci biyar. Da aka maido rufin, na baya suka zauna daidai, na gaba kuwa suka ƙi haɗuwa, domin ginshiƙan gaba a kishingiɗe suke, in ka rage musu tsawo sai bakinsu ya ja baya. Tazarar ta kai faɗin yatsa biyu. Marisela ta ɗauka an lalata motar. Tsofaffin biyu kuwa ko a jikinsu. Suka shiga gardama a kan ko a ƙara wa rufin tsawo ko a ƙara kwantar da ginshiƙan, gardamar da ta gane sun fara ta tun kafin a haifi Jolene. Orval ya ci, saboda motarsa ce, kuma saboda duk lokacin da Wendell ya kawo hujja sai tari ya kama shi.

Da lokacin walda ya yi, Jolene ta tura keken da tukunyar iskar ta tsallaka titi, ta ajiye ubanta a barandar Marisela. Awa ɗayar nas ta riga ta zama uku. Ta duba agogo, ta duba fuskarsa, ta cire agogon ta sa a jaka.

Daga can yana ganin shuɗin haske yana walƙiya a garejin. Ɗigo-ɗigo kawai Wendell ya yi, abin da zai riƙe rufin a gani. Sannan shi da matan biyu suka turo motar waje, karo na farko cikin shekara arba'in da ɗaya, suka tsayar da ita a gicciye a bakin titi. Ba a yanke wa rufi hukunci a cikin gareji. Sai an fito da mota fili, mai ita ya koma tsallaken titi ya dube ta daga gefe. Duk tsawon shekarun nan, ashe, barandar Marisela ce wurin da ya dace.

Suka tsallako suka tsaya a bayansa. Motar ta zama wata dabam. Ta yi ƙasa, ta yi tsawo, tagoginta sun koma sirara, kuma ko da take tsaye ba ƙofa ba gilashi, sai ka ce yanzu ta ji an zage ta. Marisela, wadda ta rantse duk wannan shirmen tsofaffi ne, ta kasa ɗauke ido daga kanta.

Orval ya zuba wa motar ido. Iskar tana shiga tana fita ta tiyon. Wani mai tafiya da kare ya tsaya, ya kalla, ya wuce.

"To?" in ji Wendell. "Ka yi magana mana."

"Bayan ya fi gaban tsawo. Rubu'in inci."

"Ƙarya kake."

"Je ka auna."

Wendell ya tsallaka da awonsa. Ya auna gaba, ya auna baya, ya sake aunawa. Ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon sama.

"Rubu'in inci," ya yi ihu daga can. "Allah ya isa tsakanina da idonka."

"Bar shi haka," in ji Orval, ba da ƙarfi ba, sai da Jolene ta maimaita wa Wendell. "Haka nake so. Kamar tana shirin tsalle." Ya ɗaga hannu. "Ku kai ni."

Su uku suka ɗaga shi suka zaunar a kan akwatin katako, tsakanin sandunan ƙarfe. Marisela ta ɗauko rular ba tare da an ce mata ba.

"Biyu," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Ya dubi titin ta siririn wurin da gilashin gaba zai zauna, titin da ya sani tun yana da ƙarfi, gidajen da injin haƙar mai da ke sunkuyawa yana ɗagowa a can ƙarshen layi.

"Ba a ganin komai," ya ce da gamsuwa. "Ko fitilar hanya ba za ka gani ba sai ka leƙa."

Da suka fito da shi ya ƙi zama a keken nan da nan. Ya tsaya da ƙafafunsa, ya dafa rufin, wanda yanzu ya sauko daidai ƙirjinsa, ya daɗe a haka yana neman numfashi. Ba wanda ya hanzarta shi.

Bai je Fresno ba. Ranar Lahadi ya kasa tashi daga gado, nas ta ce a bar shi inda yake, Jolene ta fara kwance kwalayen da ta ɗaure. Marisela ta kai miyar kaza ranar Litinin, ya sha cokali biyu, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya tambaye ta ko ta rubuta wa hukuma takarda a kan ƙarar ranar Asabar. Ta ce tana kan rubutawa. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, tana aji tana koya wa yara abin da ba za su tuna ba. Da ta dawo ta ga wani mutum yana loda tukwanen oksijin a bayan mota, Wendell kuma yana zaune a kan matakalar gidan da kwalin donot a cinya, ba a buɗe ba.

An binne shi ranar Asabar. Tsofaffi kusan ashirin suka zo cikin motocin da suka hana limamin jin muryarsa, kuma a bakin kabari Marisela ta ji biyu daga cikinsu suna raɗa cewa biyar ta yi yawa, huɗu ya kamata.

Mako guda bayan haka hazon hunturu ya sauka a garin, irin mai jiƙa wanki a kan igiya. Da safiyar Asabar ta ji ƙofar garejin ta ɗaga, ƙarfe bakwai daidai. Ta tsallaka da kofi biyu. Jolene ta bar wa Wendell makulli ya ƙarasa waldar, tunda ba a barin aiki a ɗigo.

"In ka gama wa zai tuƙa ta?" ta tambaya. "Kai ba za ka shiga ba."

"Ni da Jolene sai an cire mana kai." Ya dube ta daga sama har ƙasa, da idon awo. "Ke tsawonki nawa?"

"Kada ka fara, Mista Kubiak."

Ya ɗauki samfefa ya zagaya ɓangaren direba, sai ta ga ya tsaya. Ta bi shi. A kan farin ƙarfen rufin, sama da ƙofa, tsatsa ta fito ja-ja, siririya kamar hoda, kuma ba a warwatse ta fito ba. Tafin hannu ne babba, da yatsu biyar a buɗe, har layukan tafin ana gani.

"Gumi," in ji Wendell. "Gishirin hannu. Shi ya sa ba a taɓa ƙarfen da ba fenti. Ya sani sarai, shi ya koya min." Ya murza samfefar tsakanin yatsunsa. "In aka bar ta za ta ci ƙarfen."

"Cikin wane lokaci?"

Ya yi lissafi da gaske, yana motsa baki.

"Shekara talatin. Ko arba'in, in garejin ba ya yoyo."

Ya karɓi kofinsa ya kurɓa, ya ajiye a kan taya. Sannan ya zagaya ɗaya ɓangaren, ya sunkuya, ya fara gogewa daga can. Marisela ta zauna a kan bokitin. A waje hazo ya rufe titin har ba ta ganin barandarta.